Jiga Arba'in da Aka Hana Malam Zakari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba na 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Zakariya'u Abarci a gidansa da ke nan Dakoro, yana da shekara hamsin da huɗu. Hawan jini ne ya kwantar da shi kwana tara. An yi masa sutura bayan sallar azahar. Ya bar matarsa Azara da ƴaƴa biyar.

Sunana Rahinatu Ma'u. Ni ce sakatariya a ƙungiyarmu ta sulhu tsakanin manoma da makiyaya, inda marigayin ya yi shekara goma sha ɗaya yana kula da na'urori. An saba rubuta ta'aziyya bayan zuciya ta yi sanyi. Tawa ba ta yi ba, kuma ba zan yi ƙaryar ta yi ba. An binne mutumin nan da laifin da ba nasa ba, kuma da hannuna a ciki.

Malam Zakari, da kai nake magana.

Ran da na fara aiki a buro, wato ofishinmu, da yatsa ɗaya nake buga takarda, ina neman haruffa kamar mai tsintar tsakuwa a cikin gero. Kowa ya yi mini dariya ban da kai. Wata uku kana zama da ni bayan an tashi cin abincin rana, har hannuna ya faɗa. Lokacin da mijina ya rasu, kai ka kai ɗiyata likita a bayan babur ɗinka sau huɗu, ba ka taɓa ambata wa kowa ba. Makiyaya kan tsaya a bakin ƙofarmu da wayoyinsu da rairayi ya kashe, ka buɗe, ka hure, ka goge, ka miƙa musu, su kuma su bar maka ɗan cuku ko ƙwaryar nono, ka raba mana a buro.

Amma duk Dakoro babu abin da ka kula da shi kamar Tsohuwa. Haka ka raɗa wa sarbar ɗinmu suna, wato babbar na'urar da ke ɗakin baya, wadda duk aikin ƙungiya yake kwana a cikinta. Ma'aikatanmu suna bin burtali, hanyar da dabbobi ke ratsawa tsakanin gonaki, tun daga Kornaka har Korahane. Suna auna iyaka, su ɗauki hoto, su naɗi muryar maigari da ta arɗo suna cewa mun yarda, daga nan zuwa nan na shanu ne, daga can na gero. In damina ta zo rigima ta tashi, sai a buɗe Tsohuwa kowa ya ji muryar ubansa, a watse lafiya. A watan Afirilu, lokacin da zafi ke narka mutum, na sha ganin ka juya mata fankar teburinka, kai kuma kana zaune gumi yana ɗiga daga gemunka. Muna tsokanarka, kana cewa kai in ka ji zafi ka san hanyar randa, ita ba ta sani ba.

Kai ka koya mini yadda cikinta yake, kuma da misali ɗaya ka koya mini, shi ya sa ban manta ba. Ka ce memuwar ita ce tabarmar da take shanya aikin da ke hannunta. Diski shi ne rumbu. Suwaf kuma wani fili ne da ake warewa a cikin rumbun, a bar shi babu komai, domin in hadari ya taso a kwashe shanyar a zuba ciki. Hadarin Tsohuwa shi ne ɗaukewar wuta, kuma mutumin Dakoro ba sai an ba shi labarin wannan ba. Muna da akwatin batiri da ke riƙe ta minti bakwai kacal. Saboda haka ka tsara ta da hannunka: da zarar wuta ta tafi, sai ta kwashe duk abin da ke cikin memuwar ta zuba a suwaf, ta kwanta. In wuta ta dawo ta tashi, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Jiga shi ne mudun da ake auna su da shi: memuwarta jiga takwas ce, ka ware mata suwaf jiga goma. Shekara goma sha ɗaya ko hoto ɗaya bai ɓace ba.

Sai aka kawo mana sabon kodinater mai jagorantar aikin ƙungiya, Musye Saminu, daga Yamai, da takardun karatunsa da turarensa. Ba zan hana shi abin da ya yi daidai ba. Shi ya nemo mana sabuwar memuwar, aka ɗaga Tsohuwa daga jiga takwas zuwa talatin da biyu, kuma ta yi sauri ƙwarai. Ranar kai ka fi kowa murna. Amma kafin a rufe murfin ka ce saura abu ɗaya, a faɗaɗa suwaf zuwa jiga arba'in.

Musye Saminu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wannan lissafin mutanen da ne, masu ninka memuwar sau biyu. Ya ce yanzu duk inda aka ci gaba, in memuwar ta yi yawa, jiga biyu ma ya isa.

Ka amsa masa a hankali, kamar yadda kake yi wa kowa. Ka ce, "Musye, ni ban ce a ninka sau biyu ba. Abin da ka karanta gaskiya ne, amma ga inda kuran, wutar lantarki, ba ta tahiya. Wagga na'ura kwanciya takai. An ƙara mata tabarma har ninki huɗu, dole wurin kwashe shanya shi kai girman tabarmar, da ɗan ƙari bisa. Na auna da agogo, minti biyar da rabi take bukata, batiri yana ba mu bakwai."

Ya ce, "Bon, Zakari, ni injiniya ne. Kai a ina ka yi karatu?"

Kowa a buro ya san a shagon gyaran rediyo ka fara, a Maraɗi. Washegari ka rubuto takarda shafi ɗaya, ka bayyana komai, ka sa hannu, ka kawo mini na buga mata hatimin karɓa. Da na kai wa Musye Saminu sai ya mayar mini da ita ko karantawa bai yi ba, ya ce kada in shigar da ita rajista, in yaga. Ban shigar ba. Ban kuma yaga ba, na tura ta ƙasan aljihun teburina. A makon nan ya canza kalmar sirrin shiga Tsohuwa, ya mayar da kai mai gyaran na'urar buga takardu da canza ƙwan fitila.

Ranar Laraba, 7 ga watan Mayu, ma'aikatanmu sun gama juye wa Tsohuwa aikin mako biyar da suka yi a ƙauyukan bayan Mai Yara. Allunan da suke aiki da su, ƙananan na'urorin hannu, suna share kansu da zarar sun juye. Kwafin ajiya kuwa sai ranar Alhamis ake yi. Da azahar, wuta ta tafi. Ina ganinka ka miƙe daga inda kake, ka ruga ɗakin baya. Tsohuwa ta yi ta ƙoƙarin kwanciya, ta rasa inda za ta zuba kayanta. Minti bakwai kana tsaye a kanta, babu kalmar sirri a hannunka, shi kuma mai ita ya tafi cin abinci ya kashe wayarsa. Batiri ya yi ƙara sau uku, ta mutu a tsaye. Da aka kunna ta da yamma, aikin mako biyar ya zama shara. A cikinsa akwai muryar wani tsohon arɗo da aka yi shekara biyu ana lallashi kafin ya yarda da iyaka. Bayan kwana goma sha biyu Allah ya yi masa rasuwa, maganarsa ta bi shi.

Da ruwan farko ya sauka, aka shuka gero a kan burtalin da aka riga aka daidaita. Shanu suka zo wucewa. An karya wa wani makiyayi hannu, an tattake gonaki uku, kuma har yau ƙauyuka biyu da rigimar ta shafa ba sa gaisawa a kasuwa.

Dole a sami mai laifi, kuma an samu. Musye Saminu ya tsaya a bayana yana faɗa ina buga rapor, rahoton da za a kai wa kwamitin ƙungiya: wai mai kula da na'urori ya yi sakaci, bai daidaita sarbar ba bayan an ƙara memuwar. Malam Zakari, ni na buga rapor ɗin nan. Da yatsun da ka koya wa aiki na buga shi. Takardarka tana cikin aljihun teburin da nake bugawa a kai, gwiwata tana taɓa shi. Na tuna ƴaƴana uku da babu uba, bakina ya mutu. Kwamiti ya karanta, aka sallame ka a watan Yuni.

Ran da ka zo kwashe kayanka ban iya ɗaga kai ba. Ka tsaya a gabana, ka ajiye wani tsohon kaye mai koren bango, wanda ka cika da rubutun yadda ake kula da Tsohuwa. Ka ce, "Riƙe wanga, ƙanwata. Ba don ni ba, don ita." Na fara kuka, ina neman abin da zan ce. Ka ce, "Bari. Kina da ɗiya. Na sani." Da ka zage ni a ranar, da na fi samun sauƙi.

Garinmu ƙarami ne, magana ba ta da nisan tafiya. Kafin wata ya ƙare sunanka ya zama Zakari mai ɓad da burtali. Makiyayan da kake gyara wa waya suka daina tsayawa. Ka daina zama a majalisar bakin tasha. Mutumin da ya yi shekara ashirin a sahun farko, ya koma yana zuwa masallaci a makare domin ya tsaya a baya ya fita da wuri. Azara ta ce ka daina cin abinci sai an matsa, kana yawan zama kana kallon bango. Na san rai na Allah ne, kuma ranar da ya rubuta ba ta wucewa. Ban ce wani ya kashe ka ba. Amma na san wanda ya sa watanninka huɗu na ƙarshe suka yi ɗaci, kuma na san sunansa.

Duk da haka, wallahi da na ci gaba da yin shiru. Matsoraciya ce ni, na riga na faɗa. Abin da ya kwance mini baki ya faru ne ranar addu'ar uku.

Maza suna zaune a ƙofar gidanka a kan tabarmi, mu mata muna ciki, zana kawai ta raba mu. Sai ga motar ƙungiya. Musye Saminu ya sauko cikin farar shadda, aka matsa masa wuri kusa da liman. Bayan an shafa fatiha ya gyara murya, domin kowa ya ji, ya ce, "A madadin ƙungiya, ina shaida wa iyali cewa kuskuren da marigayi ya yi muna, mun yahe mishi duniya da lahira." Mutane suka yi ta cewa madalla, Allah shi saka da alheri. Azara tana gefena cikin mayafin takaba. Ta sunkuyar da kai, ta ɗaga murya kaɗan yadda za a ji a waje, ta ce, "Mun gode, Musye. Allah shi biya."

Matarka ta gode wa mutumin nan, Malam Zakari. A kan tabarmar makokinka ya zauna ya yafe maka laifinsa, aka sa masa albarka, ya sha hura ya tafi. A nan tsorona ya ƙare. Abin da ya maye gurbinsa ba shi da kyau, kuma ban nemi ya tafi ba.

Washegari na buɗe kayenka. A shafi na talatin da ɗaya ka rubuta cewa Tsohuwa tana riƙe da tarihin duk wani babban umarni da aka ba ta, da sunan wanda ya bayar, da rana, da lokaci, kuma ka nuna yadda ake dubawa. Kalmar sirrin da aka hana ka kuwa, injiniyanmu ya rubuta ta a ƴar takarda ya manna a ƙarƙashin allon bugunsa, ni nake share teburin kullum. Na shiga, na bi layi-layi kamar yadda ka tsara. Ga shi nan: Juma'a, 21 ga watan Maris, ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in, da sunan Saminu. Ba ƙin faɗaɗa suwaf kawai ya yi ba. Jiga goman da ka bari ma ya rage ta zuwa biyu, domin ya sami wurin ajiye bidiyon da yake aika wa masu ba da tallafi, bidiyon da rabinsa fuskarsa ce. A wannan Juma'ar kana Mai Yara wurin sunan jikan yayarka, mutum sittin sun ci tuwo tare da kai.

Ranar Litinin da ta wuce kwamiti ya zauna. Aikina in rubuta abin da aka tattauna, amma na ajiye alƙalami na miƙe. Na shimfiɗa takardarka mai hatimina a gaban shugaban kwamiti, Alhaji Cindo, ɗan kasuwar hatsi, na ɗora tarihin da na fitar a kanta. Musye Saminu ya fara da murmushi. Ya ce sakatariya ce, ba ta san abin da take karantawa ba. Na ce gaskiya ne, ban yi karatunsa ba, to mu je mu tambayi na'urar.

Muka ɗunguma ɗakin baya, mu tara. Na riga na yi kwafin ajiya. Na buɗe taswirori da hotuna kamar ranar aiki sosai, na ce wa Alhaji ya zare wayar wuta da hannunsa. Ya zare. Muka tsaya minti bakwai. Batiri ya yi ƙararsa sau uku, ta mutu, kamar ranar 7 ga Mayu. Na mayar da wuta, na buɗe kayenka a shafi na goma sha takwas, inda ka rubuta matakan tun watan Maris kana jiran izinin da bai zo ba. Na ware jiga arba'in, na nuna mata sabon wurin. Na sake buɗe duk abin da na buɗe ɗazu, na ƙara da farar takarda, na buga rabin jimla: Zakariya'u Abarci bai. Na tsaya a nan. Alhaji ya sake zare waya. Minti biyar da rabi, ta kwashe kayanta ta kwanta. Da aka mayar da wuta ta tashi, komai yana inda yake, rabin jimlata tana jira. Na ƙarasa ta a gabansu: yi sakaci ba.

Alhaji Cindo ya daɗe yana kallon allon. Na gaya masa misalin tabarma da rumbu, ban kai ƙarshe ba ya ɗaga mini hannu, mai hatsi ba ya bukatar a ƙarasa masa wannan. Ya cire hularsa ya share goshi, ya ce, "Mun zalunci bawan Allah." Musye Saminu kuwa ya yi tsuru-tsuru, yana ta latsa wayarsa kamar amsar tana ciki.

Na ɗauka an gama. Ashe ban san mutanenmu ba. Da aka koma zaure sai aka fara cewa a rufa asiri, mu ƙungiyar sulhu ce, kada masu tallafi su ji, a bar Musye ya nemi canjin wurin aiki a hankali, a aika wa iyalin marigayi buhun gero biyu. Alhaji ya ce mini, "Ɗiyata, ki yi haƙuri, wanda ya tahi ya riga ya tahi." Na ce, "Alhaji, a bainar jama'a anka ɓata shi. Ba a wanke shi cikin ɗaki." Da yamma na sami takardar dakatarwa daga aiki, saboda shiga na'ura ba da izini ba. Kodinater da kansa ya buga ta, da yake babu sakatariya, kuma na ƙirga kuskure shida a layi biyar.

To, Musye Saminu, yanzu da kai nake. Buhun gero ba ya sayen sunan mutum. Abu ɗaya nake nema, kuma ba zan rage ko ƙwaya ba. Ranar addu'ar arba'in ka dawo ƙofar gidan nan, ka sa farar shaddar nan, ka zauna inda ka zauna, ka gyara murya kamar yadda ka gyara, ka gaya wa mutanen da suka sa maka albarka wane ne ya rage suwaf ranar 21 ga Maris. In ka zo, sauran tsakaninka da iyalinsa ne da Ubangijinka. In ba ka zo ba, ni zan karanta wannan takarda da nake rubutawa daga bayan zana, da ƙarfi. Na yi kwafi ɗari. Za ta je Kornaka, za ta je Korahane, za ta je ƙauyukan nan biyu da ba sa gaisawa, za ta riga ka isa duk buron da ka nufa, ko a Yamai yake. Aikin da kake riƙe ni da shi ka riga ka karɓe, babu sauran abin da za ka tsorata ni da shi. Ni kam ban yafe ba, kuma Allah ya isa tsakanina da kai.

Malam Zakari, kai kuma ina roƙonka abin da ban cancanta ba. Ka ce mini ka sani, amma ba ka ce ka yafe ba, domin ban ba ka dama ba, ban tambaya ba. Na makara da wata huɗu. Zan ɗauki wannan har ranar da za mu haɗu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ƴaƴanka, Hamdiya da ƙannenta huɗu. Ku ɗaga kanku a lakkol inda kuke karatu, da kasuwa, ubanku bai ɓad da burtalin kowa ba. Ina yi wa ƴan'uwansa na Mai Yara ta'aziyya, da abokan sahunsa na farko, da duk makiyayin da ya taɓa miƙa masa matacciyar waya ya karɓe ta da rai. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.

Yaya Azara, Allah ya sanyaya zuciyarki, ya raya miki abin da ya bari. Godiyar nan da kika yi daga bayan zana, ki janye ta. Mijinki ba ya bukatar yafiyar mutumin nan.

Ya Allah, ga bawanka Zakariya'u ɗan Abarci ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka sa abin da ya haɗiye a watanninsa na ƙarshe ya zama kankarar zunubansa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tsaron amanar mutane don kada ko ɗaya ta ɓace in wuta ta ɗauke. Ka sa kwanciyarsa ta zama hutu, ka tashe shi ranar tsayuwa ya tarar da aikinsa cif, babu abin da ya ɓace, a gaban littafin da babu mai iya goge layi ɗaya daga cikinsa, nasa ko na waninsa. Amin.